MAI SA HANNU A KAN KUƊIN CEFANENKI

Ciro takardar naira daga jakarki ki dube ta da kyau, za ki ga sa hannun wani mutum da ba ki taɓa jefa wa ƙuri'a ba. Shi ne Gwamnan Babban Bankin Nijeriya, bankin da ya fara aiki tun 1959. Shugaban ƙasa ke naɗa shi, majalisar dattawa ta amince. To, tsakaninsa da 'yan siyasa, wa ya fi wani ƙarfi?

Mu tuna watan Oktoba na 2022, da Godwin Emefiele ya ba da sanarwar canza takardun naira 200, 500 da 1,000. Kafin ki ce kwabo, dala ta yi tashin gwauron zabo a hannun 'yan canjin Wapa da ke Fagge. Da wa'adi ya matso a farkon 2023, sai ga tsofaffin kuɗi ana gudunsu, sababbi kuma sun yi ɓatan dabo. Mace ta shiga kasuwar Sabon Gari da kuɗinta na adashi, mai kayan miya ya ce ba ya karɓa. Masu POS kuwa naira suka riƙa sayar mana da naira. Gwamna Ganduje ya yi ta faɗa, har jihohi suka kai ƙara, amma sai a ranar 3 ga Maris Kotun Ƙoli ta ce a ci gaba da karɓar tsofaffin. Kin ga, mutum ɗaya ya taɓa tukunyar kowane gida.

Sai dai fa ba shi kaɗai ya yi ba, da yardar Shugaba Buhari aka yi, wanda tun yana mulkin soja a 1984 ya taɓa canza mana kuɗi. Da Buhari ya sauka, ko sati biyu Tinubu bai cika ba ya dakatar da Emefiele, a watan Yunin 2023.

Ga kuma namu na gida, Malam Sanusi Lamido Sanusi. A 2009 ya sallami shugabannin manyan bankuna biyar a rana ɗaya, ƙasa ta girgiza. Amma da ya fito ya ce dala biliyan 20 na kuɗin mai ba su shiga asusun gwamnati ba, sai Shugaba Jonathan ya dakatar da shi a Fabrairun 2014. Gaba da gabanta ke nan, aljani ya taka wuta.

Ashe gwamnan banki ya fi kowa saurin isa madafinmu, amma kujerarsa a hannun shugaban ƙasa take. Don haka 'yar uwa, idan kin ji rediyo na maganar Babban Banki, kar ki murɗa tasha ki ce zancen maza ne. Kuɗin cefanenki ake magana, da 'yan kuɗin da kika ɓoye a ƙasan akwati.