Daga Jemage Zuwa Gwiwar Alhaji: Tarihin Sikanin Tsoka da Gaɓoɓi

 A yau za mu leƙa birnin Jidda na ƙasar Saudiyya, mu kuma waiwayi tarihin wata na'ura da kusan kowa ya sani, amma ba kowa ya san iyakar aikinta ba.

Idan aka ce sikanin, abin da ke fara zuwa ran mutane shi ne hoton cikin mace mai juna biyu. To amma wannan na'ura tana duba tsoka, da jijiyoyin da ke ɗaure tsoka da ƙashi, da kuma gaɓoɓi irin su gwiwa da kafaɗa. Ko me ya haɗa wannan da Jidda? Birnin shi ne babbar ƙofar da mahajjata ke bi zuwa Makka, kuma da yawansu dattawa ne. Mutum zai shafe sa'o'i a zaune cikin jirgi daga Kano ko Yamai, sannan ga ɗawafi, ga safa da marwa wanda shi kaɗai ya haura kilomita 3. Idan sha-raɓar dattijo ta kumbura a irin wannan hali, tilas likita ya gano dalili da sauri. Ta yiwu ruwan gwiwa ne ya taru a bayanta ya fashe. Ta yiwu kuma jini ne ya daskare a cikin jijiya, wanda idan ya ɓalle ya tafi huhu, yana iya yin kisa. A ido dai kusan kamarsu ɗaya, amma maganinsu ya sha bamban.

To daga ina aka faro? A wajajen shekarar 1794 wani masani ɗan Italiya, Lazzaro Spallanzani, ya lura cewa jemage na tashi cikin duhu ba tare da ya yi karo ba, amma da zarar an toshe masa kunne sai ya rikice. Daga baya aka gane cewa yana fitar da sauti ne wanda kunnenmu ba ya ji, yana sauraron amsa-kuwwarsa. A 1880 wasu 'yan'uwa biyu a Faransa, Pierre da Jacques Curie, suka gano cewa akwai duwatsun da ke ba da lantarki idan an matsa su. Ba da jimawa ba aka tabbatar cewa idan an sa musu lantarki su ma suna karkarwa. Wannan karkarwa ce ke haifar da sautin. A lokacin yaƙin duniya na ɗaya Paul Langevin ya yi amfani da wannan ilimi don farautar jiragen yaƙi na ƙarƙashin teku.

A 1942 wani likita ɗan Ostiriya, Karl Dussik, ya gwada duba ƙwaƙwalwa da sauti, sai dai ƙoƙon kai ya hana shi samun abin kirki. Bai karaya ba. A 1958 shi da abokan aikinsa suka wallafa binciken farko kan yadda sauti ke ratsa naman gaɓoɓi. A wannan shekarar ce kuma Ian Donald na birnin Glasgow ya fitar da aikinsa na duba cikin mata, wanda ya buɗe hanyar sikanin masu juna biyu.

Sai a 1972 likitoci biyu a Amurka, McDonald da Leopold, suka nuna cewa na'urar na iya bambanta ƙullin ruwa na bayan gwiwa da ciwon daskarewar jini a ƙafa, wato dai matsalar nan da muka ambata ta dattijon alhaji. A 1978 Peter Cooperberg na Kanada ya nuna kumburin gwiwar masu amosanin gaɓoɓi. A 1980 kuma Reinhard Graf na Ostiriya ya fito da hanyar duba ƙugun jarirai, don gano gocewa tun kafin yaro ya fara tafiya.

Yaya take aiki? Kunnen ɗan Adam ba ya jin sautin da ya wuce karkarwa dubu 20 a daƙiƙa ɗaya. Ita kuwa na'urar tana aika miliyoyi. Sautin yana tafiya a cikin naman jiki da gudun kimanin mita 1,540 a daƙiƙa, ya bugi tsoka ko jijiya ya dawo, kwamfuta ta lissafa lokacin, ta zana hoto. Man nan mai sanyi da ake shafawa kuwa, aikinsa korar iska ne, domin iska na tare sautin.

Hoton ƙashi ba ya nuna tsoka da jijiya sosai. Ita wannan tana nunawa, ba ta da tururin da ke cutarwa, kuma likita na iya cewa ka ɗaga hannu ko ka lanƙwasa ƙafa yana kallon jijiyar tana motsi. Yana ma iya bin allura da ido har ta isa cikin gaɓa. Shi ya sa likitocin 'yan ƙwallo ke ji da ita, ga shi kuwa Jidda gida ce ga manyan ƙungiyoyi biyu, Al-Ittihad da aka kafa a 1927, da Al-Ahli, wadda Osama Hawsawi, kyaftin ɗin Saudiyya a gasar cin kofin duniya ta 2018, ya taɓa taka wa leda. Birnin kuma na da Jami'ar Sarki Abdul'aziz, wadda aka kafa a 1967, da asibitinta na koyarwa. Yanzu har an ƙera ƙananan na'urori da ake jonawa da wayar salula, a sa su cikin aljihu.

Sai dai fa ba komai take gani ba. Sauti ba ya ratsa ƙashi, saboda haka karaya na bukatar hoton ƙashi, jijiyoyin can tsakiyar gwiwa kuma sai na'urar MRI. Haka nan kyawun sakamako ya danganta da ƙwarewar mai riƙe da ita.

Don haka mai sauraro, idan ka yi targaɗe ya ƙi warkewa, ko ka ji agararka ta yi ƙara kamar an tsinka igiya, kada ka tsaya ga ja da matsa kawai, ka nemi a duba maka. Idan kuwa ƙafa ɗaya ta kumbura tana zafi bayan doguwar tafiya, kada a murza ta, a garzaya asibiti nan take.

Nan muka kawo ƙarshen shirin na yau. Sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu, a huta lafiya.