Zarton Kakana da Tallan CTV

A shekarun 1970, kafintan Toranke in yana son zarto na ƙwarai sai ya bi motar Gaya zuwa Kano, ya nufi kantunan irin su GBO da John Holt, masu shigo da kayan ƙarfe daga Ingila. Da gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa CTV67 a 1982, tallan kantuna ya ƙara shiga gidaje bayan magariba, yara har hadda suke yi. Daɗin bai jima ba. Tsarin SAP na 1986 ya karya darajar naira, kayan waje suka gagari talaka. Yau Ƙofar Ruwa cike take da kayan Sin masu araha. Zarton kakana kuwa har gobe yana ci, wasawa kawai yake so.