Daga Kotun Bakori Zuwa Makarantar Ƙanƙara: Yadda Ilimin Haƙƙi Ya Shigo Kudancin Katsina

Ranar 22 ga Maris, 2002, kotun shari'a ta Bakori ta yanke wa Amina Lawal, 'yar ƙauyen Kurami, hukuncin jefewa bisa tuhumar zina. Babu lauya a gefenta. A ranar 19 ga Agusta babbar kotun shari'a ta Funtuwa ta tabbatar da hukuncin, labari kuma ya game duniya. Daga Turai da Amurka aka riƙa aiko da takardun koke, wasu cike da zagin Musulunci, wasu ma ɗauke da labarin da ba haka yake ba. Abin ya kai ga ƙungiyar BAOBAB, wadda su Ayesha Imam suka kafa a 1996 don kare haƙƙin mata, ta fito a 2003 ta roƙi masu aiko da takardun su dakata, domin suna neman ɓata aikin da ake yi a cikin gida.

Aikin cikin gidan kuwa shi ne ya ceci matar. Ƙungiyar WRAPA, wadda Mai Shari'a Fati Lami Abubakar ta kafa a 1999, ta ɗauki nauyin ƙarar. Lauyoyi irin su Aliyu Musa Yawuri da Hauwa Ibrahim suka tsaya a kan fiƙihun Malikiyya da dokar jihar kanta. Suka ce alƙalin farko ya zauna shi kaɗai alhali doka ta ce ya zauna da mataimaka biyu. Ba a fayyace wa Amina tuhumar ba. Mai iƙirari yana da damar janye iƙirarinsa. Sannan ga mas'alar kwantaccen ciki, wadda ta ba da damar jingina ɗa ga tsohon miji shekaru bayan saki. Ranar 25 ga Satumba, 2003, huɗu daga cikin alƙalai biyar na Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a Katsina suka soke hukuncin. A ganina wannan ita ce babbar makarantar haƙƙi da aka taɓa buɗewa a shiyyar Funtuwa, domin manomi da mai tallan fura sun ji a rediyo cewa a cikin shari'ar da suka yi imani da ita akwai kariya ga wanda ake tuhuma.

Ba a nan aka fara ba. Tun da aka kafa NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950, 'yan jam'iyyar ke bin kasuwanni da ƙauyuka suna faɗa wa talaka cewa aikin tilas a gonar hakimi ba farilla ba ne, kuma haraji da jangali suna da iyaka. Malam Aminu Kano da aya da hadisi yake kafa hujja. Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri kan batun ƙuri'ar mata, wadda matan Arewa ba su samu ba sai 1976. Gidan Malam na Gwammaja, wato Gidan Mambayya, shi ne Jami'ar Bayero ta mayar cibiyar nazarin dimokuraɗiyya a shekarar 2000, inda har yau ake tara malamai da 'yan ƙungiyoyi ana horar da su.

Ta ɓangaren hukuma, Majalisar Taimakon Shari'a, mai ba marasa hali lauya kyauta, ta samu a 1976. Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Ƙasa kuwa gwamnatin Janar Sani Abacha ce ta kafa ta a 1995, shekarar da aka rataye Ken Saro-Wiwa, shi ya sa mutane da dama suka daɗe suna yi mata kallon hular ɓoye kunya. Gyaran dokar 2010 ne ya ba ta ƙarfi, har ta iya yanke diyya da za a zartar kamar hukuncin babbar kotu. Tana da ofis a birnin Katsina.

To, amma ina birnin Katsina, ina Mabai? Mutumin wannan gari na ƙasar Ƙanƙara, da 'yan'uwansa na Faskari da Sabuwa, abin da ke hana su barci yanzu ya sha bamban da na zamanin NEPU. A watan Yunin 2020 'yan bindiga suka afka wa Kadisau ta Faskari suka kashe mutane masu yawa. A watan Agustan shekarar, ƙungiyar Amnesty ta ba da rahoton cewa aƙalla mutum 1,126 aka kashe a ƙauyukan Arewa cikin wata shida. Daren 11 ga Disamba kuma aka kwashe ɗaliban Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara, a daidai lokacin da Shugaba Buhari ke hutu a Daura. Yara 344 aka dawo da su ranar 17 ga watan. Gwamna Aminu Bello Masari ya rufe makarantun kwana, iyaye da yawa kuma zuciyarsu ba ta sake kwanciya da boko ba. Shekara goma kafin nan, a 2010, Kotun ECOWAS ta riga ta yanke cewa ilimi haƙƙin kowane yaron Nijeriya ne da ake iya nema a gaban alƙali. Uban da ɗansa ya yi kwana shida a daji, wa ya taɓa zuwa ya gaya masa wannan?

Ko maganin da aka kawo yana da nasa ciwon. A watan Satumbar 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, aka taƙaita cin kasuwannin dabbobi da sayar da fetur a jarka. Wanda aka sace wa mata ya rasa hanyar kiran ɗauki, balle ya kai ƙorafi. Ga kuma 'yan sa-kai, waɗanda suka tsare garuruwa da dama da jininsu, amma a hannun wasunsu an kashe Fulanin da ba su ji ba ba su gani ba, babu alƙali babu shaida, abin da ya ƙara wa wutar ramuwa itace. Rundunar tsaron al'umma da Gwamna Dikko Raɗɗa ya ƙaddamar a watan Oktoban 2023 tana buƙatar horo kan haƙƙin wanda aka kama kamar yadda take buƙatar harsashi.

Cibiyoyinmu sun ƙware wajen taron otal da rubuta rahoto da Turanci, kuma rahoto yana da amfaninsa, tunda da shi ake tuhumar gwamnati gobe. Sai dai darasin shari'ar Bakori ya nuna inda ƙofar take. Liman da mai unguwa da malamar Islamiyya da ungozoma su ne mutanen da ƙauye ke saurare. A karantar da su dokar kare yara da jihar ta yi a 2020, da babi na huɗu na tsarin mulkin 1999, da Hausa, tare da hujjojinsu na addini. Ya kamata kuma Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta ajiye ma'aikata a Funtuwa da Malumfashi waɗanda za su riƙa bin ranakun kasuwar Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, suna karɓar koke baki da baki, suna rubuta sunan kowane mamaci da kowane wanda aka sace, da kuɗin fansar da aka biya, da gonar da aka sayar don a biya shi.