Daga Masaƙun Kakuri Zuwa Tashar Rigasa: Wane Irin Aiki Ya Dawo?

Jama'a, kwanan nan ina yawan jin ana cewa ayyuka sun buɗe a Kaduna. To ni dai ina so mu ɗan waiwayi baya, mu san irin aikin da ake nufi.

Layin dogo ne ya kafa Kaduna. A 1917 Turawa suka dawo da hedikwatar Arewa nan daga Zungeru, ma'aikatan reluwe da sojoji da malaman ofis suka fara cika garin. Zamanin Sardauna aka buɗe masaƙar KTL a Kakuri a 1957, su UNTL da Arewa Textiles suka biyo baya. A 1975 Peugeot ta fara haɗa motoci, a 1980 aka buɗe matatar mai. A lokacin saurayi zai baro ƙauye da takardar firamare, ya samu aikin albashi, ya yi aure, har ya yanki fili.

Sai al'amura suka juya. Tsarin SAP na 1986 ya karya naira, kayan gyaran injuna suka yi tsada, ga matsalar wuta, ga atamfar fasa-ƙwauri ta cika kasuwa. KTL ta rufe a 2002, UNTL a 2007. Ana cikin haka rikicin 2000 ya raba garin, mutane da yawa suka dawo arewacin kogi, Rigasa ta cika ta batse. Kun ga ke nan, jama'a sun ƙaru daidai lokacin da aiki ya tafi.

A Yulin 2016 aka ƙaddamar da jirgin Abuja zuwa Kaduna, tasha kuma a nan Rigasa. Alhamdulillahi an ga motsi: masu Keke Napep, 'yan tasi, masu abinci, masu POS, 'yan dako, kowa ya samu na cefane. Amma bayan harin 28 ga Maris 2022 jirgi ya tsaya har Disamba. Duk wanda abincinsa ke bakin tasha ya ji a jikinsa.

Abin da na fahimta shi ne, aikin da ya dogara da fasinja mai wucewa ba shi da saiwa. Masaƙa ta kwashi dubbai ta koya musu aiki da kanta. Wuraren yau, irin su kamfanin Olam da ya buɗe a Chikun a 2017 da tashar kaya ta tsandauri da aka buɗe a Kakuri a 2018, ba haka suke ɗauka ba. Mai sana'a a hannu suke nema.

Don haka iyaye, mu daina jiran masaƙa ta dawo. Ga Panteka, ga Kaduna Poly a kusa da mu. Yaro ya koyi walda, haɗa sola, gyaran inji ko kwamfuta. In ba haka ba, wallahi za mu ci gaba da ɗaukar wa wasu jaka, su wuce wurin aiki su bar mu a bakin tasha.

Allah Ya ba matasanmu abin yi mai ɗorewa, amin.