Likitan da ya rubuta sunayen itatuwanmu

A wannan makon za mu ɗan bar zancen jigo da salo mu shiga daji.

Duk wanda ya buɗe littafin kimiyyar tsirrai ya nemi ɗorawa, zai tarar an rubuta mata Parkia biglobosa. Wannan "Parkia" sunan mutum ne, Mungo Park, ɗan ƙasar Sikotilan da ya zo neman bakin kogin Kwara ya mutu a Busa a 1806. Gawo kuwa Faidherbia albida ake ce masa, don tunawa da Louis Faidherbe, gwamnan Faransa a Senegal, sojan da ya ci ƙasashen mutane da yaƙi. Kuka ta tafi da sunan Michel Adanson, Bafaranshen da ya yi shekaru kusan biyar a Senegal tun daga 1749 yana tara tsirrai. Itatuwan da kakanninmu suka yi daddawa da miya da su tun kafin a haifi waɗannan mutane, a littattafan duniya sunan baƙi suke amsawa.

Yadda abin ya faro bai da daɗin ji, domin yawancin waɗanda suka fara wannan aiki a ƙasarmu ba su koma gida ba. Walter Oudney, likitan da ya ratso Sahara tare da Denham da Clapperton, yana tafe yana tsintar ganyaye har ciwo ya kayar da shi a Murmur kusa da Katagum a watan Janairun 1824. Abin da aka tara a tafiyar shi Robert Brown ya duba a Landan, kuma a cikin bayaninsa na 1826 ne ya raɗa sunan Parkia. Theodor Vogel, Bajamushe, ya biyo jiragen da Ingila ta turo Kwara a 1841. Zazzaɓi ya kashe Turawa sama da 40 a wannan tafiya, shi ma Vogel ya rasu a tsibirin Fernando Po a watan Disamba yana da shekara 29. Da ganyayen da ya bari aka haɗa littafin Niger Flora a 1849, kuma majimfa, wadda masunta ke zuba wa kifi, har yau Tephrosia vogelii ce. Sai Charles Barter, mai aikin lambu, wanda ya biyo Dakta Baikie a 1857. Jirginsu Dayspring ya daki dutse kusa da Jebba ya nutse, suka yi zaman dole a ƙasar Nupe, shi kuma ya ci gaba da tara tsirrai har ya mutu a Raba a 1859.

Aikin nasu mai cin rai ne. A yanko reshe mai ganye da fure, in da hali har da 'ya'ya, a shimfiɗa shi tsakanin takardu, a danne da katako, a riƙa canza takardun kada ya ruɓe. Da damina laima ta hana shi bushewa, da rani gara na jira. In ya tsira sai a liƙa masa 'yar takarda mai ɗauke da wuri da kwanan wata da lamba da sunan wanda ya tara, a aika lambun Kew da ke Landan, inda ake kwatanta shi da dubban irinsa a ba shi suna. Mu lura da wannan 'yar takarda. Sunan Baturen ne ke kanta. Maharbin da ya san inda itacen yake, da yaron da ya hau ya karyo reshen, da tsohuwar da ta faɗi ciwon da ake sha masa, tsarin bai tanadar musu gurbi ba.

A nan ne muke ganin John McEwen Dalziel ya fita daban, kuma shi ne dalilin wannan rubutu. An haife shi a Nagpur ta Indiya a 1872, ya karanta likitanci a Edinburgh, ya yi aikin asibitin mishan a ƙasar Sin, sannan a 1905 ya shigo aikin likita na gwamnatin mulkin mallaka a Afirka ta Yamma. An yi ta sauya masa wurin aiki, kuma ganyayen da ya tara suna ɗauke da sunayen garuruwan da muka sani: Lokoja, Zungeru, Kwantagora, Sakkwato, Katagum, Yola. Ma'aikacin 'yan mulkin mallaka ne, ba ma musun haka, kuma gwamnatin da yake wa aiki tana son sanin abin da dajinmu zai iya ba kasuwar Ingila, daga ƙaro zuwa man kaɗe. Amma mutumin ya yi abin da na gabansa ba su zauna sun yi ba. Ya tambayi sunan kowane tsiro da Hausa, ya rubuta.

A 1916 aka buga masa ɗan ƙaramin littafi a Landan, A Hausa Botanical Vocabulary. Tsarinsa shi ne abin dubawa: sunan Hausa ne a gaba, bisa jerin haruffa, na Latin na biye da shi kamar tafinta. A ƙarƙashin suna sai ya kawo amfanin tsiron, wanda ake ci, wanda ake rini da shi, wanda majema ke jima da shi kamar bagaruwa, wanda maharba ke dafa dafin kibiya da shi kamar kwankwani. Yakan nuna inda Sakkwatawa suka bambanta da Kanawa a suna. Da ya zo kan dawa bai tsaya ga kalma ɗaya ba, sai da ya jero irinta, su ƙaura da farafara da sauransu, yadda manomi ke rarrabe su. Wannan fa shekara 18 ke nan kafin ƙamusun Bargery na 1934 ya fito, lokacin ko haruffa masu ƙugiya da muke rubutu da su yanzu ba a tsayar ba. Saboda haka mai karanta shi yau zai yi ɗan haƙuri da rubutun wasu kalmomi.

Da ya bar aikin likita ya koma Kew, ya haɗu da John Hutchinson suka rubuta Flora of West Tropical Africa, wanda ya fito kashi-kashi daga 1927 zuwa 1936. A 1937 ya ƙara da The Useful Plants of West Tropical Africa. An kira shi rataye ga wancan babban aiki, amma shi ne ya fi shiga hannun mutane, don ya tara sunayen tsirrai a harsunan yankin da abin da kowace al'umma ke yi da su. Ya rasu a 1948. Da H. M. Burkill ya tashi sabunta littafin, sai da aikin ya kai mujalladi shida, na farko a 1985, na ƙarshe a 2004. Shi ma Dalziel bai tsira daga al'adar raɗa suna ba: hano, ko ararraɓi, mai ɓawo kamar takarda da ƙaron turare, Boswellia dalzielii ne.

Me ya kai wannan zance zauren marubuta? Mu ɗauki labaran da muke turowa nan mu ƙirga sau nawa tauraruwa ta zauna "a ƙarƙashin wata bishiya". Wace bishiya? In gawo ne kuma damina ce, babu inuwa, don gawo da damina yake kaɗe ganye ya yi sabo da rani. In tsamiya ce, mai karatu Bahaushe ya riga ya fara tunanin iskoki kafin mu ce komai. In sabara ce ko kalgo, mun gaya masa irin ƙasar da talaucin gonar ba tare da mun ɓata sakin layi ba. Da yawanmu mun tashi a birni, mun san darbejiya da mangwaro da turare, waɗanda duk baƙi ne a ƙasar nan, amma a nuna mana marke da maɗaci da maje sai mu yi zuru. Ana sare su ana yin gawayi, tsofaffin da suka san su suna ƙarewa, kuma kalmar da aka daina faɗa ba ta daɗewa. Abin takaici ne a ce littafin da zai tunatar da mu Bature ya rubuta shi shekara fiye da ɗari da ta wuce, da ilimin da ya karɓa daga bakin mutanenmu. Daga baya ɗan ƙasa ya ɗora a kai, domin Z. O. Gbile na cibiyar binciken gandun daji ta Ibadan ya fitar da jerin sunayen tsirrai da Hausa a 1980, sai dai shi ma da Turanci aka yi bayanin.

Akwai inda sunanmu ya yi nasara, ko da yake kaɗan ne. Doka, itacen da ya cika dazuzzukan kudancin Zariya, masanan Kew ba su canza mata suna ba, suka ce Isoberlinia doka. Haka iburu, ɗan uwan acca mai ƙananan tsaba da ake nomawa daga ƙasar Zazzau zuwa tsaunukan Jos. Da Otto Stapf ya bayyana shi a 1915, Digitaria iburua ya kira shi, kuma da wannan suna yake a kowace ma'ajiyar tsirrai ta duniya, daga Landan har Tokyo.