Su wane ne masu horar da karnuka da tukuici?

A Amurka da ƙasashen Turai, inda miliyoyin iyalai ke zaune da karnuka a cikin gidajensu, horar da kare sana'a ce da mutane da dama ke cin abinci da ita.

Masu wannan sana'a sun kasu gida biyu. Akwai masu gyara kare da tsawa, da fizgar sarƙar wuya, ko ma da abin wuya mai jan lantarki. Akwai kuma masu koya masa ta hanyar tukuici, wato da zarar ya yi abin da ake so sai a ba shi ɗan nama ko a yi masa wasa, idan ya kuskure kuma a hana shi tukuicin ba tare da duka ba.

A Hausa kalmar horo tana nufin koyarwa, tana kuma nufin hukunci. Muhawarar da ke tsakanin ɓangarorin biyu a kan wannan gaɓa take: shin koyarwa tana yiwuwa ba tare da hukunci ba?

Tushen sana'ar

Tsohuwar hanyar ta samo asali ne daga aikin soja da na 'yan sanda. Konrad Most, wanda ya horar da karnukan 'yan sanda a Jamus, ya wallafa littafinsa a shekarar 1910. A Amurka kuma William Koehler, wanda ya horar da karnukan soja sannan ya yi wa kamfanin Walt Disney aiki, ya fitar da nasa littafin a 1962.

Ita kuwa hanyar tukuici daga jami'a ta fito. Masanin halayyar nan na Amurka, B.F. Skinner, ya nuna cewa dabba takan maimaita duk abin da ya jawo mata alheri. Da ɓeraye da tantabaru ya yi gwaje-gwajensa, kuma a 1951 ya rubuta maƙala a mujallar Scientific American kan yadda kowa zai iya koyar da dabba a gida.

Ɗalibansa biyu a Jami'ar Minnesota, Keller Breland da matarsa Marian, su ne suka fitar da ilimin zuwa kasuwa. A shekarun 1940 suka bar karatu suka kafa kamfanin horar da dabbobi, wanda daga baya ya koma jihar Arkansas. Kamfanin ya horar da dabbobi iri sama da 140, daga kaji da aladu zuwa dabbobin teku.

Keller ya rasu a 1965. Marian ta auri Bob Bailey, wanda ya taɓa jagorantar horar da dabbar ruwan nan dolfin a rundunar sojin ruwan Amurka. Su biyun sun yi suna wajen koyar da masu horar da karnuka ta hanyar ba su kaji su horar. Dalilinsu shi ne, kaza tana da sauri, kuma ba ta jin tsawa, don haka wanda ya makara wajen ba ta tukuici nan take zai ga kuskurensa.

Daga fannoni daban-daban

Yawancin waɗanda suka yaɗa wannan hanya daga wasu fannonin suka shigo harkar karnuka.

Karen Pryor, wadda ta rasu a watan Janairun 2025, ta fara ne da horar da dolfin a wani gidan dabbobin ruwa a Hawaii a farkon shekarun 1960. Dolfin ba shi da wuyan da za a ɗaura wa sarƙa, idan an ɓata masa rai kuma sai ya nutse ya tafi abinsa. Ke nan usur da bokitin kifi kaɗai mai horarwa ke da su. Littafinta na 1984, Don't Shoot the Dog, shi ya kai wannan darasi ga masu karnuka. Ita ce kuma ta yaɗa amfani da 'yar na'urar hannu mai ƙarar ƙyas, wadda ake latsawa daidai lokacin da kare ya yi daidai, kafin a miƙa masa tukuici.

Ian Dunbar likitan dabbobi ne ɗan Birtaniya, wanda ya yi karatu a London, sannan ya yi digirin digirgir kan halayyar dabbobi a Jami'ar California da ke Berkeley. A 1982 ya buɗe ajin 'yan kwikwiyo, a lokacin da aka saba jira sai kare ya kai wata shida kafin a fara horar da shi. A 1993 ya kafa ƙungiyar masu horar da karnukan gida ta APDT.

Patricia McConnell masaniyar ilimin dabbobi ce da ta koyar a Jami'ar Wisconsin, kuma bincikenta na digiri ya shafi irin sautin da makiyaya da masu dawakai ke yi wa dabbobinsu. Jean Donaldson 'yar Kanada ta kafa makarantar masu horarwa a 1999, a ƙarƙashin ƙungiyar kare haƙƙin dabbobi ta San Francisco. Victoria Stilwell kuwa 'yar wasan kwaikwayo ce da ta soma da yawo da karnukan mutane a London, kafin shirinta na talabijin ya fara fita a Birtaniya a 2005.

Akwai kuma rukunin waɗanda suka sauya sheƙa, wato waɗanda suka shekara suna aiki da sarƙa kafin su ajiye ta. Da yawansu sun fito ne daga gasar biyayyar karnuka, ko gidajen ajiye karnukan da aka yasar.

Wa ke da izinin yin sana'ar?

A Amurka da Birtaniya babu dokar ƙasa da ta wajabta mallakar lasisi kafin mutum ya kira kansa mai horar da kare. Wanda ya yi digiri da wanda ya kalli bidiyo kawai duk suna iya kafa allo su karɓi kuɗi.

Saboda haka ne masu sana'ar suka kafa hukumomin tantancewa na sa-kai. Hukumar CCPDT ta Amurka, wadda aka kafa a 2001, tana buƙatar mai neman shaidarta ya yi sa'o'i 300 yana aikin horarwa cikin shekaru biyar, sannan ya ci jarrabawa. Jamus ta bi wata hanya: tun daga watan Agustan 2014, duk mai horar da karnukan mutane don kuɗi sai ya nemi izinin hukuma, bayan ya nuna cewa ya san aikin.

Ilimin halayyar dabba rabin aikin ne kawai. Mai horarwa yakan ga kare sa'a ɗaya ko biyu a mako, sauran lokacin yana hannun mai shi. Don haka aikin ya ƙunshi koyar da mutane, da gane alamun tsoro a jikin kare tun kafin ya kai cizo, da sanin lokacin da ya dace a tura shi wurin likita, domin ciwo kan sa kare ya yi faɗa.

Me bincike ya nuna?

Masu tsohuwar hanya sun daɗe suna kafa hujja da cewa kare jikan kyarkeci ne, don haka sai an nuna masa ƙarfi zai bi. Wannan ra'ayi ya dogara ne da nazarin da Rudolf Schenkel ya wallafa a 1947, kan kyarketan da ke tsare a gidan namun dajin Basel na Switzerland. A 1999 masani David Mech ya nuna cewa garken kyarketai a daji iyali ne na uwa da uba da 'ya'yansu.

A 2004 masana a Jami'ar Bristol sun tambayi masu karnuka 364, suka gano cewa karnukan da aka fi koya wa da tukuici sun fi biyayya. A 2020 wani bincike kan karnuka 92 a birnin Porto na Portugal ya sami ƙarin alamun damuwa a jikin waɗanda ake horarwa da hukunci. A 2021 ƙungiyar likitocin halayyar dabbobi ta Amurka ta ba da shawarar a riƙa amfani da tukuici kaɗai. Yankin Wales na Birtaniya ya haramta abin wuya mai lantarki tun 2010.

Duk da haka muhawarar ba ta ƙare ba. Masu haɗa tukuici da hukunci suna cewa akwai karen da nama ba ya dawo da shi idan ya bi tunkiya ko mota. Masu tukuici kuma suna amsawa da cewa a irin wannan hali, ƙwarewar mai horarwar ce ta gaza.