Ɗakin Amarya A Gidan Makama

Sau nawa kika wuce ta gaban Gidan Makama za ki biki ko dubiya, ba ki taɓa cewa bari in leƙa ba? Ni ma haka nake a da, sai ranar da 'yata ta matsa mini wai an ba su aiki a makaranta. Na tambayi maigida, na yafa mayafi muka tafi.

Gidan nan ya ga jiya ya ga yau. Tun ƙarni na 15 aka gina shi, an ce saboda Muhammadu Rumfa lokacin yana Makama, kafin ya zama Sarkin Kano a 1463. Ya yi sarauta har 1499, kuma a zamaninsa aka kafa Kasuwar Kurmi. Littafin Tarihin Kano ma ya ce a zamaninsa aka fara kulle. Kin ga ashe gidan ya shafe mu.

Muka shiga zaure zaure. Ga tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari, ga taswirar ganuwa, ga kayan yaƙi da na kiɗa. Ga labarin Basasa da ta tashi a 1893 tsakanin Sarki Tukur da Yusufu, ga na shigowar Turawa a 1903 lokacin Sarki Alu ya tafi Sakkwato. Kowane namiji da sunansa da shekararsa, 'yata sai rubutawa take.

Can muka iso ɗakin amarya irin na da, an shirya shi da gadonsa da jerensa. Yarinyar ta dube ni ta ce, "Umma, wannan ɗakin wace ce?" Wallahi na rasa amsa. Wadda ta fafe ƙwaryar, da wadda ta saƙa faifan, da uwar da ta yi shekaru tana kaɗi tana adashi don ta fitar da 'yarta kunya, duk ba wanda ya rubuta sunansu.

Nan take na tuna da kakata, Allah Ya jiƙanta. Tana da wani baƙin akushi da tasoshi biyu da aka kawo ta da su gidan miji. Da ta rasu muna 'yan mata, muka ce tarkace ne, aka ba dillaliya tasoshin, akushin kuwa kaji suka riƙa shan ruwa a ciki har ya tsage. Ban taɓa tambayarta wa ya sassaƙa shi ba, ko daga wane gari aka zo da shi. Yau ga irinsa a gidan tarihi, baƙi na zuwa daga ƙasashe suna kallo. Sai na ji hawaye ya zubo mini.

Jere tarihi ne, 'yar uwa. Daga ƙwarya aka koma tasa, daga tasa aka koma kwano da samira, sannan tangaran ya shiga kabet. Kowane sauyi yana nuna abin da fatauci ya kawo gari da abin da hannun mata ya iya saye.

Ban ce ki koma tuwo a akushi ba, zamani riga ne. Amma in kina da tsohuwa a gida, ki zauna gabanta tun tana da rai. Ki tambaye ta da me aka yi mata jere, wa ya saya, nawa aka saya, ki rubuta ko a bayan littafin yara ne. Ki adana abu ɗaya nata, ki gaya wa 'ya'yanki sunan mai shi. In mu ba mu riƙe sunayen iyayenmu mata ba, wa zai riƙe mana namu?

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya sa mu dace, amin.